KARAYAR ƘUGU DA ALLURAR DATSE ZAFI: ABIN DA YA KAMATA MU SANI KAFIN MU SA HANNU

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ko ɗan uwa mai sikila, don Allah ya daure ya kai ƙarshe.

Akwai wata magana da ta zama kamar karatu a bakin mutanenmu. Da zarar an ce za a shiga da mutum tiyata, sai wani cikin 'yan dubiya ya sunkuyo ya ce, "Kar fa ku yarda a yi masa allurar nan ta kashe jiki, shanye ƙafa take yi." Wani ya karɓe ya ce ai wance tun da aka yi mata ta baya a wurin haihuwa ba ta rabu da ciwon baya ba. Kafin ka ce kwabo an tsorata 'ya'ya, an naɗe tabarma, an mayar da tsoho gida, an aika a kira mai ɗori.

Matsayata ita ce: allurar tana da haɗari, ba zan ɓoye ba, zan ma jero su ɗaya bayan ɗaya. Amma haɗarinta bai kama ƙafar haɗarin barin tsoho kwance da karayar ƙugu ba. Kuma mafi yawan haɗarin nata an san shi, an san yadda ake kauce masa, an san maganinsa. Abin da ya rage shi ne ko mai yin allurar ya ƙware, kuma ko asibitin ya tanadi kayan ko-ta-kwana. A nan ya kamata mu zuba ido.

Ni ba likita ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne, aikina fayil da biro. To amma takardar amincewa da tiyata ai ba likita ke sa mata hannu ba, mu ne, 'ya'ya da ƙanne da mazaje. Bai kamata mu sa hannu a duhu ba, bai kuma kamata mu ƙi sa hannu a duhu ba.

ME YA SA KARAYAR ƘUGU TA FITA DABAN?

Ƙashin cinya yana da kai mai kama da ƙwallo, wanda ke zaune cikin kwaskon kwatangwalo. Ƙarƙashin kan akwai wuya siriri. Idan mutum ya tsufa ƙashi ya yi sanyi, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, santsin banɗaki kawai ko tuntuɓe da dokin ƙofa ya isa ya karya wannan wuyan. Wurin yana can ciki, nama ya lulluɓe shi ta ko'ina. Ba wurin da za a ɗaure da kara da tsumma ba ne. Sannan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta jikin wuyan suke bi, idan ya karye sau da yawa sukan tsinke, kan ƙashin ya mutu. Ina girmama masu ɗori, sana'ar gado ce, kuma akwai karayar hannu ko ƙafa da suke ɗorawa ta kama. Amma wannan ta fi ƙarfin hannunsu, mai gaskiya a cikinsu ma zai faɗa maka haka.

Abin da ke kashe tsohon kuma yawanci kwanciyar ce. Makonni a kan katifa ba motsi: huhu ya tara majina ya zama namoniya, jini ya daskare a ƙafa gudan ya tafi huhu, gadon baya da ɗuwawu su yi gyambo, fitsari ya kamu da cuta, abinci ya fita daga rai. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta rubuta a 2011 cewa kusan 1 cikin 10 na masu wannan karaya suna rasuwa cikin wata guda, kusan 1 cikin 3 kuma cikin shekara. A Ingila fa, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida. Shi ya sa ƙa'idarsu ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, a kuma tashe shi tsaye kwana ɗaya bayan aiki.

A wajenmu kuma ba tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai haɗarin babur da na mota. Akwai kuma 'yan uwanmu masu sikila. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a Najeriya, kuma ɗaya daga cikin wahalhalunta shi ne toshewar jinin da ke zuwa kan ƙashin cinya, har ya ruɓe ya lotsa. Sai ka ga matashi ɗan shekara ashirin da wani abu yana ɗingishi, ƙarshe sai an canza masa gaɓar ƙugu. Duk wanda ya taɓa leƙa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ranar ganin likita ya san yawan masu wannan buƙata.

MU BAMBANTA ALLURORIN TUKUNA

Rabin ruɗanin daga harshe yake. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abu uku: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙon zafi da motsi tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Idan Bahaushe ya ce allurar jijiya, wadda ake yi a hanyar jini yake nufi. Wadda nake magana a kanta ta jijiyar saƙo ce, shi ya sa na kira ta allurar datse zafi.

A tiyatar ƙugu hanya uku ce. Ta farko allurar barci, mutum ya tafi gaba ɗaya, a sa masa bututu na'ura ta taya shi numfashi. Ta biyu allurar baya, a zuba ɗan magani kaɗan cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi a ƙasan gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na awa biyu zuwa huɗu. Ta uku ita ce ta datse zafi: a nemo jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga ƙugu, yawanci a daidai inda cinya ta haɗu da mara, a zuba magani a gefensu. Saƙon zafi ya taso ya tarar an datse hanya. Jijiyar ba mutuwa take yi ba, ɗan barci take yi na awa 8 zuwa 12, wani lokaci fiye, sannan ta farka.

Ita ta ukun ba kasafai take isa a yi aikin da ita kaɗai ba, saboda jijiyoyin ƙugu ta gaba da ta baya suke zuwa. Haɗa ta ake yi da ɗaya daga cikin biyun farko. Ana kuma iya yin ta tun a sashen gaggawa, kafin a ɗauki hoto, kafin a fara juya tsoho daga wannan gado zuwa wancan.

Ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kanmu. A 1884 Carl Koller a birnin Biyana ya fara kashe zafin ido da hodar ibilis. A 1898 August Bier a Jamus ya yi allurar baya ta farko. Maganin lidoken, wanda likitan haƙori ke yi maka kafin cire haƙori, a Suwidin aka haɗa shi a 1943. Salon zuba magani ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe naman gindin cinya an bayyana shi a 1989. Wani sabon salo da ake kira PENG, wanda aka tsara don ya kashe zafin gaɓar ba tare da ya kashe ƙarfin cinya sosai ba, a Toronto ta Kanada aka fito da shi a 2018. Kun ga an fi shekara ɗari ana gyara.

AMFANINTA

In ba a datse zafin ba, abin da ya rage shi ne manyan magungunan kashe zafi irin su mofin da danginsa. Ga matashi da sauƙi. Ga tsohuwa mai shekara 80 kuwa suna iya rage numfashi, su kawo amai, su ɗaure ciki, su ruɗa ta. Wannan ruɗewar da muke gani a asibiti, tsoho ya fara sambatu, yana fizge robar ƙarin ruwa, bai gane 'ya'yansa ba, mu ce ai tsufa ne ko iska, sau da yawa zafi ne da magani da rashin barci suka taru. Kuma wanda ya shiga wannan hali ya fi daɗewa a asibiti.

Masu bincike na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2020, suka ga allurar datse zafi tana rage zafin motsi cikin minti 30, tana rage ruɗewa, kuma da alama tana rage ciwon huhu da lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya fara takawa. Ga mai sikila da ya daɗe yana shan manyan magungunan zafi har jikinsa ya saba, wannan rahama ce babba.

Tsakanin allurar baya da ta barci fa, wacce ta fi? An gwada. A 2021 aka fitar da sakamakon bincike kan mutum 1,600 masu karayar ƙugu a asibitoci 46 na Amurka da Kanada. Bayan kwana 60, waɗanda suka rasu ko suka kasa tafiya da kansu kashi 18.5 cikin ɗari ne a ɓangaren allurar baya, kashi 18 a ɓangaren allurar barci. Wato kunnen doki. Saboda haka mai cewa ta baya ita ce mai kashe mutane ba shi da hujja, mai cewa ta barci ce shi ma ba shi da ita. Likita ne zai duba zuciyar mutum da huhunsa da magungunan da yake sha ya zaɓa.

YANZU HAƊARIN, BA ƁOYE-ƁOYE

1. Gubar maganin. Wannan shi ne babba. Maganin a gefen jijiyar saƙo ake so ya zauna, amma hanyoyin jini suna maƙwabtaka da ita. Idan ya shiga jini da yawa lokaci guda, ko aka zuba fiye da kima, yana taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamun farko: leɓe da harshe su yi nauyi, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri, maganar da ba kai. In ya yi tsanani sai jijjiga kamar farfaɗiya, bugun zuciya ya rikice, har ta tsaya. Maganin bufibaken, wanda aka fi amfani da shi don yana daɗewa, shi ya fi tsanani ga zuciya, tun 1979 aka ja hankalin likitoci a kan haka. Kuma da nauyin jiki ake auna shi, kusan miligiram 2 a kowane kilo. Abin da ƙato mai kilo 90 zai ɗauka lafiya lau, ya ninka abin da tsohuwa mai kilo 45 za ta iya ɗauka.

Amma akwai makari. A 1998 wani likita Ba'amurke, Guy Weinberg, ya nuna a jikin ɓeraye cewa wani ruwan mai fari kamar madara, wanda dama ake ciyar da marasa lafiya da shi ta jijiya, yana janye gubar daga zuciya. A 2006 aka ba da rahoton mutum na farko da aka ceto da shi. An fi saninsa da suna Intralipid. Yau ƙa'ida ce a ƙasashe da yawa, duk inda ake wannan allura ya zama yana ajiye kusa. Ku riƙe sunan nan, zan dawo kansa.

2. Taɓa jijiya. Bakin allura zai iya shiga jijiyar kanta. Wasu sukan ji wani yanki na cinya ya yi dindiris ko yana tsira-tsira na kwanaki ko makonni, ya wuce. Lahani na dindindin ana ƙiyasta shi kamar 2 zuwa 4 cikin 10,000. Na allurar baya ya fi haka ƙaranci: a 2009 an bi diddigin allurai sama da 700,000 na gadon baya da aka yi cikin shekara guda a Birtaniya, aka samu lahani na dindindin tsakanin 2 zuwa 4 cikin 100,000. A kuma sani, ita kanta tiyatar ƙugu tana iya taɓa jijiya wajen ja da buɗa nama. Ba duk ƙafar da ta yi sanyi bayan aiki ce laifin allura ba.

3. Zubar jini a ciki. Wannan ya fi shafar masu shan maganin tsinka jini, irin wafarin da kulofidogirel, wanda ake ba masu ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Idan jini ya taru a cikin gadon baya ya danne laka, in ba a gaggauta ba ƙafafu na iya tafiya. Shi ya sa likita ke nacin tambayar me Baba yake sha. Mu kuma sai mu ce "ɗan maganin hawan jini ne kawai." A'a. A kwaso ledar magungunan duka a kawo, har da na gargajiya da na kemis.

4. Faɗuwa. Jijiyar da ke ɗauko zafi daga ƙugu ita ce kuma ke ba cinya ƙarfin miƙe gwiwa. Tsoho ya farka ya ji garau, ba zafi, ya ce zai je ya kama ruwa. Ya sauko da ƙafa, gwiwa ta lanƙwashe, ya zube a kan aikin da aka gama ɗazu. Wannan kam aikinmu ne masu jinya. Kar a bar shi ya sauko sai nas ko masu gashin ƙashi sun gwada ƙafar.

5. Numfashi bayan zafi ya tafi. Wannan mutane da yawa ba su san shi ba. Idan an riga an ba mutum mofin, zafin ne ke riƙe shi a farke. Aka datse zafin, sai maganin ya samu fili, barci mai nauyi ya ɗauke shi, numfashi ya yi ta raguwa. A 2018 ƙungiyar likitocin gaggawa ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi bayan wani ya rasu ta wannan hanya, ta ce dole a riƙa duba mutum akai-akai a rabin awar farko. Don haka in an yi wa naka allurar ya yi shiru yana wani irin munshari, kar a ce "ku bar shi ya samu barci." A kira nas.

6. Sauran. Allurar na iya ƙin kamawa ko ta kama rabi, sai a ƙara wata hanya. Wurin na iya kamuwa da ƙwayar cuta in ba a tsaftace ba. An taɓa yin ta a ƙafar da ba ita ba, har ta kai a Ingila tun wajen 2011 aka kafa dokar a tsaya a tabbatar da ɓangare kafin a soka. Ita kuma ta baya takan saukar da jini ƙasa nan take, takan riƙe fitsari na ɗan lokaci, takan kawo ciwon kai mai tashi in an zauna ya lafa in an kwanta. Shi kansa August Bier da aka gwada a jikinsa ya yi kwana tara a kwance da wannan ciwon kai. Siraran allurai na zamani sun rage shi sosai, kuma tsofaffi ba su cika samunsa ba kamar matasa. Ciwon baya na har abada kuwa, bincike bai nuna allurar ce ke kawo shi ba. Ɗan tsamin wurin na kwanaki, wannan akwai.

DAGA INA TSORON YA SAMO ASALI?

Ba na raina masu tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kusan kowace unguwa akwai yaron da aka yi wa allurar zazzaɓi a ɗuwawu a wurin da bai dace ba, aka soki babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, ya tashi yana jan ƙafa. Wannan gaskiya ne, mun gani da idonmu. Amma ku duba bambancin. Can wanda bai san inda jijiyar take ba ne ya soka a makance. Nan wanda ya yi shekaru yana karantar inda take ne, kuma in akwai na'urar sikanin yana kallon jijiyar da hanyar jinin da bakin allurar a allo lokacin da yake zuba maganin. Wani babban bincike daga Ostireliya da Niyu Zilan a 2013 ya nuna amfani da sikanin ya rage gubar maganin da fiye da rabi.

INDA GIZO KE SAƘA

Wani zai ce, Malam, duk alƙaluman nan naka na Turai ne. Gaskiya ne, kuma nan ne damuwata take. Waɗancan alƙaluma sun yi kyau ne saboda akwai ƙwararre, akwai na'ura, akwai wuta, akwai nas mai duba mutum bayan aiki. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya ta ce ƙasa na buƙatar aƙalla likitoci 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000. A ƙidayarta ta 2017 Najeriya ba ta kai 1 ba. 'Yan kaɗan ɗin ma suna manyan birane, wasu kuma kullum jirgi na kwasarsu zuwa Saudiyya da Ingila. A asibitocin ƙananan hukumomi nas-nas da aka horar ne ke riƙe da wannan aiki, kuma wallahi suna ƙoƙari, sau da yawa da kayan da ba su kai sun kawo ba.

A 2018 an fitar da wani bincike kan mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25. Marasa lafiyarmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, ba su kai su yawan cututtuka ba, amma yiwuwar su rasu bayan tiyata ta ninka. Kuma yawancin mutuwar a kwanakin bayan aiki take faruwa, a ɗakin kwanciya, inda matsala ke tasowa ba a gano ta da wuri ba. Ka ga ke nan matsalarmu ta sa ido ce da kayan aiki.

To shin wannan dalili ne na guje wa allurar datse zafi? Ni a ganina akasin haka ne. Inda ɗakin kulawa ta musamman ya yi ƙaranci, inda iskar oksijin ke yankewa, hanyar da za ta rage wa tsoho buƙatar mofin ta bar shi yana numfashi da kansa ta fi dacewa da mu. Maganin ba shi da tsada. Abin da ke da tsada shi ne horo da na'ura, su kuma sau ɗaya ake saye a daɗe ana mora.

TAMBAYOYI SHIDA KAFIN KA SA HANNU

Matambayi ba ya ɓata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin ya yi wa marar lafiya bayanin hanyoyin magani da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, kuma in da hali cikin harshen da yake ji. Don haka neman a yi wa Hajiya bayani da Hausa haƙƙi ne, ba alfarma ba. Cikin ladabi ka tambaya:

1. Wace hanya za a bi wajen kashe zafi, kuma me ya sa aka zaɓe ta ga wannan marar lafiyar?
2. Wa zai yi, kuma zai zo ya gan shi kafin ranar aiki?
3. Da sikanin za a yi allurar?
4. Za a maƙala masa na'urar auna bugun zuciya da iskar jini lokacin allurar da bayanta?
5. Akwai Intralipid a kusa in maganin ya shiga jini?
6. Bayan aiki, wace alama ce in mun gani mu kira ku nan take, kuma yaushe ya kamata ƙafar ta dawo?

Likita na gari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yawanci ma daɗi yake ji ya samu dangin da suka san abin da ake ciki. Mu ma da namu nauyin: mu faɗi gaskiyar magungunan da ake sha, mu faɗi in an taɓa samun matsala da allura a baya, kuma in an ce kar a ci abinci kafin aiki, kar wata gwaggo ta lallaɓo da kunu don tausayi. In marar lafiyar mai sikila ne, a tabbata kowa a tawagar ya sani, domin sanyi da ƙarancin ruwa da ƙarancin iska suna tayar da ciwon.

GA NAMU NA GWAMNATI

Mu da ke zaune a ofis mun san yadda kasafin kuɗi ke tafiya. Gini ana son sa, saboda ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Horar da likitan allurar barci shekaru yake ci, ba a kafa masa allo da sunan kowa. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Ba sai an jira wannan ba ma. Kuɗin motar alfarma guda ɗaya zai sayi ƙananan na'urorin sikanin da dama. Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohinmu da abu huɗu: kowane ɗakin tiyata na gwamnati ya samu na'urar auna iskar jini da ta bugun zuciya masu aiki, a ajiye Intralipid a riƙa duba ranar lalacewarsa, a ɗauki nauyin horar da likitoci da nas-nas a wannan fanni tare da alawus da zai riƙe su, sannan a rubuta duk matsalar da ta faru a yi nazarinta, ba don a kama wani ba, don kar ta sake faruwa. Mun yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana a buɗe fayil a tambayi me ya faru.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma mun san iyayenmu na ƙauye yawancinsu ba sa ciki. Sau da yawa abin da ke mayar da tsoho gida kuɗin aiki ne, tsoron allura kawai mayafi ne da 'ya'ya ke rufa da shi don kunyar cewa babu. Wannan ma a faɗe shi. Wanda Allah Ya hore wa, ya shigar da iyayensa tsarin inshorar jiharsa tun suna kan ƙafafunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A gida kuma, a sa fitila a hanyar banɗaki, a kafa abin dafawa a bango, a daina barin sabulu da gansakuka a ƙasa, a duba idon tsofaffi, a ba su sanda ba tare da an mayar da abin wasa ba. Tsoho ya faɗi ya kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarta ta juya waje, kar a ja, kar a murza, kar a jira kwana uku a ga ko zai lafa. A ɗauke shi a kan abu mai faɗi a nufi asibitin da ke da hoton ƙashi a ranar.

Likitoci da nas-nas da ke cikin abokaina, ku ƙara mana haske a ƙasa, musamman kan abin da ake da shi da wanda babu a asibitocin da kuke aiki. Sauran 'yan uwa, a tura wa dangi, wataƙila wani na tsaye yanzu haka da biro a hannu yana wasi-wasi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye Ya ba mu ikon kula da su. Amin.